Gubar hanta ta sake hawa kan Babanmu, amma wannan karon maganin bai ci ba, me ke jawo haka?

Ɗan Autan Baba:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah duk wanda ya san kan abin nan ko ya taɓa jinyar mai irin wannan ciwo ya taimaka min da bayani, daga bakin gadon asibiti nake rubuto wannan, wallahi kaina ya kulle.

Babanmu shekararsa 61, yau shekara uku ke nan da aka gano yana da ciwon hanta nau'in B, kuma tun lokacin aka ce mana hantar ta riga ta ƙanƙance ta yi tauri. Yana shan tenofobir, maganin ƙwayar cutar, kullum, da maganin fitsari kala biyu saboda cikinsa na tara ruwa, ƙafafun ma na kumbura. Bayan Babbar Sallar da ta wuce ya yi kwana huɗu bai yi bayan gida ba, sai muka ga ya fara wasu abubuwa, ya yi sallar la'asar sau biyu, dare ya yi ta zagaye tsakar gida rana kuma barci, yana kiran yayata da sunan ƙanwarsa da ta rasu tun muna yara. A gida har an fara cewa iska ne a kira malam ya yi ruƙiyya, babban yayanmu ne ya dage sai an kai shi asibiti. Likita ya ce ya miƙe hannayensa ya ɗaga tafukan kamar mai tsayar da mota, sai muka ga hannun na faɗuwa yana dawowa kamar tsuntsu na fiffika, nan take ya ce gubar da hanta ta kasa tacewa ce ta hau masa kai. Aka ba shi wani ruwan magani mai zaƙi, laktulos, ya yi bayan gida sosai, kwana biyu kacal Baba ya dawo garau har yana tambayar wa aka bar wa shago.

To yanzu wata huɗu bayan nan abin ya dawo. Yau kwananmu biyar da aka ba mu gado, maganin nan dai shi ake ba shi, har ma ya fi na wancan karon yawa, amma Baba sai ƙara nisa yake yi. Sai ka girgiza shi sannan ya buɗe ido, ya yi maganar da ba a ganewa ya koma. Abin da ya ƙara tayar min da hankali, wani dattijo da ke gadon kusa da mu an kawo shi bayanmu da kwana ɗaya, ciwo iri ɗaya magani iri ɗaya, shekaranjiya ya tashi zaune ya sha kunu, yau da safe an sallame su.

Shi ne nake tambaya, me ke sa magani ɗaya ya yi wa wani aiki ya ƙi yi wa wani? Kuma me ya sa ya yi wa Baba aiki da farko yanzu ya ƙi? Jikinsa ne ya saba da shi, ko jabu muka saya, ko kuwa hantar ce ta gama aiki ba a son faɗa mana?

Sista Mai Aikin Dare:

Wa alaikumus salam ƙanina, Allah ya ba Baba lafiya ya sa kaffara ne. Na daɗe ina aiki a ɗakin maza masu ciwon ciki, irin wannan muna ganinsa kusan kowane sati. Jiki ba ya sabawa da laktulos yadda kake tunani, don haka cire wannan daga ranka tukuna. Bari in yi maka tambayoyin da nake wa masu jinya in na karɓi aiki, ka amsa min tsakaninka da Allah, ba don a ga laifin kowa ba.

Sau nawa yake bayan gida a rana yanzu, kuma yaya kamanninsa, mai laushi ne ko ruwa tsululu? Ya taɓa yin baƙi ƙirin kamar kwalta mai wari sosai, ko ya yi aman jini? Fitsarinsa ya ragu? Jikinsa na zafi, ko yana yamutsa fuska in an danna cikin? Sannan wannan ita ce babba, a satin da ya wuce kafin ku kawo shi me da me ya sha a gida, har da na kemis, har da jiƙo da sassaƙe, har da wanda maƙwabci ya kawo don taimako. Masu jinya da yawa sukan ɓoye mana wannan saboda tsoron faɗa, mu kuma mu yi ta lalube a duhu.

Wani abu kuma da nake roƙonka tun kafin ka amsa, tunda ka ce sai an girgiza shi yake buɗe ido, kada kowa ya ƙara ɗura masa magani ko kunu ko ruwan rubutu a baki yana kwance. Na ga mutanen da ciwon hantar bai kashe su ba, abin da aka ɗura musu ne ya bi hanyar numfashi ya sauka a huhu. In ba ya iya haɗiya da kansa a sa masa robar hanci, ko a ba shi maganin ta dubura, muna haɗa mil 300 na laktulos da mil 700 na ruwa a ɗura a bar shi ya ɗan jima a ciki. Ku ɗaga kan gadon, ku dinga juya shi gefe zuwa gefe. Kuma ka tambaya an auna sugansa yau? Mai ciwon hanta da bai ci abinci ba sugansa na faɗuwa da sauri, shi ma wannan na sa mutum ya yi nisa, kuma tsinken gwaji ɗaya ne a yatsa.

Ɗan Autan Baba:

Na gode Anti, Allah ya saka da alheri. Gaskiya zan faɗa. Bayan gida jiya na ƙirga sau takwas, ruwa ne zalla, mu murna ma muke yi mun ɗauka gubar ce ke fita, har in an ce a ba shi cokali biyu yayata takan ƙara na uku. Ba baƙi ba ne, bai yi aman jini ba. Jikin ba zafi amma in an taɓa cikin yana ture hannu. Fitsari ya ragu sosai. A gida kuwa ya daina shan laktulos ɗin kusan wata biyu, ya ce yana kumbura masa ciki da iska yana karya masa alwala. Da ƙafafun suka ƙara kumbura shi da kansa ya mayar da Lasix, ɗaya daga cikin magungunan fitsarin, biyu biyu. Sannan da ya daina barcin dare na je kemis aka ba ni wata 'yar ƙwaya ta barci, ya sha kwana uku. Nama da ƙwai da wake kuwa tun wancan karon muka hana shi gaba ɗaya, kunu da farar shinkafa kawai yake ci, ya rame sosai.

Likitan Ciki da Hanta:

Malam Auta sannu da ƙoƙari, Allah ya ba shi lafiya. Ban ga Baba ba, saboda haka abin da zan faɗa ka kai wa likitocin da ke kansa ne, kada ka canza komai da hannunka. Amma amsar da ka ba Sista ta ƙunshi kusan duk abin da ke hana wannan ciwon jin magani, ka daure ka karanta har ƙarshe.

Ka fara gane yadda abin yake. Ƙwayoyin bakteriya da ke zaune cikin hanji suna samar da wani sinadari, ammoniya, jini ya kwashe shi ya kai hanta, lafiyayyar hanta ta mayar da shi wani abu marar illa ya fita ta fitsari. In hanta ta ƙanƙance abu biyu ke faruwa, ƙarfin tacewar ya ragu, sannan jinin da ya ga hanya ta toshe sai ya buɗe wasu jijiyoyi ya zagaye hantar ya wuce kai tsaye zuwa ƙwaƙwalwa da gubarsa. Laktulos ba ya gyara hanta. Aikinsa a babban hanji ne, yana sa wurin ya yi tsami sai ammoniyar ta koma wani nau'i da ba ya iya shiga jini, sannan ya koro ta waje. Ka ga ke nan ƙofa ɗaya yake tsarewa. In gubar na shigowa ta wasu ƙofofi uku, ko ka ba shi kwalba guda a rana ba zai farka ba.

Shi ya sa mu abin da muke fara nema shi ne me ya tayar da shi. Ƙa'idar da ƙungiyoyin likitocin hanta na Amurka da Turai suka fitar tare a 2014 ta ce kusan kashi 90 cikin 100 na masu wannan ruɗewa ana iya shawo kansu ta hanyar gyara abin da ya tayar da ciwon kawai. Wancan karon na Baba abu ɗaya ne, cushewar ciki bayan naman Sallah, ciki na buɗewa ya farka. Mai yiwuwa dattijon gadon kusa da ku ma irin haka ne. Wannan karon kuwa ga abin da na hango daga maganarka.

Na farko kuma wanda ya fi damuna, cikin nan da yake ture hannu in an taɓa. Ruwan da ke taruwa a cikin mai ciwon hanta yana kamuwa da ƙwayoyin cuta haka kawai ba tare da wani rauni ba, kuma sau da yawa ba zazzaɓi ko kaɗan, ruɗewar ita ce kaɗai alamar. Ba a gane shi da ido ko da hoton ciki, sai an sa allura an ɗebi ruwan kaɗan an ƙirga fararen ƙwayoyin jinin da ke ciki, in irin waɗanda ake nema sun kai 250 a ma'aunin to cuta ta shiga, sai allurar kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya, galibi tare da albumin, wani sinadarin jini da hanta ke samarwa wanda ake ƙara wa mutum ta jijiya, don kare ƙoda. Mutanenmu na tsoron wannan allurar, ana cewa in an taɓa ruwan ciki mutum ba ya tashi, alhali rashin ɗibar ne ke sa a makara. Ka tambaya yau an ɗebi ruwan? A duba fitsari da ƙirji ma, don ciwon sanyin mafitsara da na huhu su ma suna yin haka.

Na biyu, bayan gida sau takwas ruwa tsululu ba nasara ba ce. Abin da ake so sau biyu zuwa uku a rana, mai laushi. In ya wuce haka jiki na bushewa, gishirin jini ya rikice, ƙoda ta fara gajiya, sai maganin da kansa ya zama yana ƙara ruɗewar. Ka haɗa wannan da Lasix ɗin da ya ninka. Lasix na zubar da sinadarin fotashiyam, ɗaya daga cikin gishirin jini, kuma in fotashiyam ya yi ƙasa ƙoda da kanta takan ƙara samar da ammoniya ta zuba a jini, ka ga wata ƙofar ke nan da laktulos bai isa gare ta ba. Sodiyam ma in ya faɗi ƙwayoyin ƙwaƙwalwa na ƙara kumbura, kuma an san masu ƙarancin sodiyam ba sa jin laktulos yadda ya kamata. Fitsarin da ka ce ya ragu shi ya sa nake so a auna gishirin jini da aikin ƙoda yau ba gobe ba, kuma a irin wannan hali yawanci dakatar da magungunan fitsari ake yi tukuna.

Na uku ƙwayar barcin. Kada ka zargi kanka, rashin barcin dare da ka gani shi ne matakin farko na ciwon ya dawo, ba kowa ya san haka ba. Amma in irin su Valium ne, hanta ce ke narkar da su, mai lafiya ma sukan daɗe a jikinsa balle wanda hantarsa ta gaza, sai su yi kwanaki suna danne ƙwaƙwalwa. Ka nemo fakitin ko ka koma kemis ɗin ka tambayi sunan ka faɗa wa likita.

Na huɗu abinci, kuma a nan laifin namu ne mu ma'aikatan lafiya, don da can haka ake koyarwa, a hana nama a hana ƙwai. An daina wannan. Wani gwaji da aka yi a Sifen a 2004 ya nuna waɗanda aka bar su da abincin gina jiki yadda aka saba ba su fi waɗanda aka hana ruɗewa ba, sai dai waɗanda aka hana ɗin jikinsu ya fara cin naman kansa. In hanta ta gaza, tsokar jiki ce ke karɓar aikin kwashe ammoniya, to mutumin da ya yi wata huɗu a kan kunu da farar shinkafa ina tsokar take? Abin da ake so giram 1.2 zuwa 1.5 na abincin gina jiki a kan kowane kilo na nauyinsa in an cire nauyin ruwan ciki, wato mai kilo 60 na buƙatar giram 72 zuwa 90 a rana, ƙwai ɗaya kuwa giram 6 ne kawai ko kusa da haka.

Jabun magani yana yiwuwa a ƙasar nan, amma wanda ke sa bayan gida sau takwas yana aiki, ba nan matsalar take ba.

Bawan Allah Talaka:

Allah ya ba shi lafiya. Ni dai shawarata a haɗa da na gargajiya, akwai jiƙon da ake yi na shawara, kawuna ya sha idonsa ya washe cikin sati biyu. Asibiti kuɗi kawai ake ta kashewa, talaka ina zai samu.

Mai Harhaɗa Magunguna:

Malam Bawan Allah maganar kuɗi gaskiya ka faɗa, ba wanda zai musa, ni da nake bayan kanta ina ganin mutum ya zo da takarda ya ƙirga abin da ke aljihunsa ya ce a ba shi rabi. Amma shawara iri iri ce. Akwai wadda ke zuwa ta tafi da kanta cikin 'yan makonni ko an sha jiƙo ko ba a sha ba, mai yiwuwa irinta kawunka ya yi. Ta Baban Auta hanta ce da ta riga ta ƙanƙance, ɗan abin da ya rage mata shi take lallaɓawa da shi, kuma duk abin da aka haɗiya ta wurinta zai bi. Jiƙon da ba a san abin da ke cikinsa ba balle adadinsa, wani ma an zuba kanwa, wani na sa gudawa, a ba mutumin da jikinsa ya riga ya bushe ƙodarsa na tangal tangal, wallahi ina jin tsoro. Addu'a da tofi a yi ta yi, ba sa karo da komai, amma na sha a dakata.

Auta ga abin da zan ƙara a kan na Dakta. Tunda wannan ne karo na biyu cikin wata shida, ka tambaye su maganar rifaksimin. Ƙwaya ce mai rage ƙwayoyin hanjin da ke samar da gubar, kusan ba ta shiga jini, ana shan miligiram 550 safe da yamma tare da laktulos, ba a madadinsa ba. A gwajin da aka wallafa a 2010 kan mutum 299, cikin wata shida ciwon ya dawo wa kashi 22 cikin 100 na masu shanta, waɗanda ba su sha ba kuwa kashi 46, kuma fiye da kashi 90 na mutanen duka suna kan laktulos a lokacin. Matsalarta tsada, kuma ba kowane kemis ke ajiye ta ba. Wasu likitocin kan ba da Flagyl na ɗan lokaci in ba a samu ba, amma ba a daɗewa a kansa don yana taɓa jijiyoyi, kada wani ya karanta wannan ya je ya saya da kansa.

Sannan in kun koma gida a raba Baba da waɗannan: duk wata ƙwayar barci, taramol, maganin tari mai kodin, da magungunan ciwon jiki irin su diklofenak da ibufurofen waɗanda ke iya tayar da zubar jini a ciki su kuma taɓa ƙoda. In ciwon jiki ya dame shi farasitamol ne, shi ma kada ya wuce giram 2 a rana. Maganin olsa irin omefurazol da mutane ke sha wata da watanni ba dalili shi ma an danganta shi da yawan dawowar wannan ruɗewa, in ba likita ne ya ce a ci gaba ba a tambaya. Tenofobir kuwa kada a tsayar da shi da ka, tsayar da shi na iya sa ƙwayar cutar ta taso da ƙarfi, in ƙodar ta taɓu likita ne zai gyara yadda ake sha ko ya canza.

Maman 'Yan Biyu:

Ɗana sannu, na karanta rubutunka sai da na yi hawaye don na san wannan zaman bakin gadon. Maigidana shekara biyu muna fama, sau uku ana ba mu gado a shekarar farko, a ta biyu kuwa sau ɗaya ne, kuma ba wani sabon magani aka ƙara ba, mu ne muka koyi zama da ciwon.

Maganar alwala da Baba ya yi kada ku raina ta, nawa ma haka ya ce, kuma dattijo in abu ya taɓa masa sallah zai bar shi ko me likita ya ce. Abin da muka yi, muka je wurin malaminsa da shi, malam ya yi masa bayanin hukuncin mai lalura, sannan muka gyara lokacin shan, yana sha bayan asuba in ya dawo daga masallaci da kuma bayan isha'i, iskar ma bayan 'yan makonni ta ragu. Na samo littafin makaranta na yara na rataye a ƙofar banɗaki da biro, duk shiga a ja layi. In layi ɗaya na gani har la'asar sai in ƙara masa cokali ɗaya yadda likita ya koya min, in na ga huɗu in rage. Kuma kullum da safe sai ya rubuta min sunansa a littafin nan, ranar da na ga rubutun ya fara karkacewa na san abin na tafe tun kafin ya fara sambatu, ranar ba ma jira, asibiti muke tafiya. Makullin mota kuwa na karɓe, ya yi fushi na sati guda ya haƙura.

Abinci kuma kaɗan kaɗan sau biyar ko shida, kada a bar shi da yunwa. Wake da alala da awara da kindirmo sun fi karɓarsa a kan jan nama, ƙwai da kifi ma yana ci, gishiri da magi ne muka rage sosai saboda kumburi. Wanda ya fi yi mana amfani shi ne na dare, kafin ya kwanta sai ya sha fura da nono ko kunun gyaɗa da madara, likita ya ce in mai ciwon hanta ya kwana da yunwa jikinsa naman kansa yake ci kafin gari ya waye. Azumi ma likita ya hana shi, ya yi kuka ranar, amma ciyarwa muke yi. Kuma don Allah ku 'ya'yansa da mahaifiyarku duk ku je a gwada ku, mu da aka gwada an samu biyu cikin yarana da shi, sauran aka yi musu rigakafi.

Likitan Ciki da Hanta:

Hajiya Allah ya saka, littafin ƙofar banɗakin nan zan koya wa majinyatana. Gwajin iyali ma gaskiya ne, binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin 100 na 'yan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 64 na ɗauke da nau'in B, kuma sai a 2004 rigakafinsa ya shiga cikin alluran yara, duk wanda aka haifa kafin nan yawanci bai samu ba.

Auta ka yi tambaya ta uku ban amsa ba, ko hantar ce ta gama aiki, kuma ba na so in wuce ta. Eh, ƙarfin da ya rage wa hanta na daga cikin abin da ke yanke yadda mutum zai ji magani. Muna duba yawan shawarar da ke jini, da albumin, da saurin daskarewar jini, da ruwan ciki, da aikin ƙoda. Wanda waɗannan suka lalace sosai, ko aka kawo shi ya riga ya kai mataki na uku ko na huɗu cikin matakai huɗu na ruɗewar, ko ƙodarsa ta shiga ciki, ya fi wuyar dawowa, kuma ko ya dawo abin na saurin komowa. Akwai kuma waɗanda hantarsu da sauran ƙarfi amma ruɗewar ta ƙi barinsu, in an yi hoton sikan sai a ga wata babbar jijiya ce ke zagaye hantar, a wasu cibiyoyin ana toshe ta. In an gyara komai kwana biyu zuwa uku ba canji, sai a sake tunani ko ba hantar ba ce ma, a duba maleriya, sanƙarau, ko jini ya taru a ka, don masu ciwon hanta jininsu ba ya daskarewa da wuri, 'yar faɗuwa a banɗaki ta isa. Maganin da ke kawar da abin daga tushe dashen hanta ne, mutanenmu da suka samu hali galibi Indiya ko Masar suke zuwa, kuma ya dace ku zauna da likitansa ku yi wannan maganar a fili in ya farfaɗo. Amma ba a cewa hanta ta gama aiki alhali ga abubuwa huɗu a gabanmu da ba a gyara ba tukuna.

Ɗan Autan Baba:

Salam 'yan uwa, ku yi haƙuri kwana huɗu ban leƙo ba. Ranar da na karanta amsoshinku na samu likitan da ke zagayen safe na faɗa masa komai, har ƙwayar barcin, na kai masa fakitin, diyazefam ce, wato Valium ɗin da Dakta ya ambata. Bai yi min faɗa ba, ya ce da ma sun rubuta a ɗebi ruwan cikin tun ranar farko, yayanmu ne ya ƙi sa hannu saboda tsoro, ni ban ma sani ba. Na kira yaya na karanta masa abin da Dakta ya rubuta, ya yarda. Da aka ɗebo ruwan a sirinji gurɓatacce ne ba garau ba, sakamako ya nuna cuta ta shiga, fotashiyam ɗinsa ma ya yi ƙasa sosai. Aka fara allurar jijiya, aka tsayar da maganin fitsari, aka sa masa albumin da ƙarin fotashiyam, aka rage laktulos, yanzu sau uku yake bayan gida, na karɓe cokalin daga hannun yayata ni kaɗai ke aunawa da sirinji. Ta robar hanci aka dinga ba shi kunu da madara da ƙwai.

Jiya da asuba ina gyangyaɗi a kan kujera na ji an ce Auta, an kira sallah ne? Na ɗago na ga idonsa a kaina yake sosai. Ya gane Mama, ya gane yaya, amma ya ɗauka a gida muke, kuma hannun na ɗan fiffikawa har yanzu in ya miƙe shi. An cire robar yau da rana ya sha fura da kansa rabin kofi. Ƙodar ce suka ce ba ta gama dawowa daidai ba, gobe za a sake ɗibar jini, sai sun ga sakamakon za su san ko za a mayar da maganin fitsarin. Rifaksimin ɗin likita ya rubuta, mun zaga kemis huɗu babu, wani ya ce zai sa a kawo masa daga Legas ranar Alhamis. Maman 'Yan Biyu na sayi littafin, kuma mu bakwai mun ba da jini a gwada mu, ranar Litinin za mu karɓi sakamako. Ku ci gaba da sa shi a addu'a don Allah.